Foldar Yanka

Ƙofa ce ta jawo maganar akwatin. Ƙofar gidan wani likita ce, ta katako mai kyau, irin wanda Baba, mai shagon kafinta, ke shafawa da tafin hannu kafin ya yarda a ɗora shi a kan inji. Aka yanka, aka goge, aka shafa mai, aka loda a mota har gidan mutumin, sai ga ta ta fi gurbinta faɗi. Da aka bi sawu, aka gano tsohon zane ne ya je wurin inji. A filashin da ke yawo da zane tsakanin ofis da shago akwai "ƙofar likita", akwai "ƙofar likita ta ƙarshe", akwai "ƙofar likita ta ƙarshe ta gaske", amma wanda ya kamata a yanka ba shi aka zaɓa ba.

Kowa a shagon ya san hannun da ya yi kuskuren, domin hannu ɗaya ke zaɓar fayil ɗin da za a yanka tun ranar da aka sayo injin. To amma wa zai faɗa? Baba ya yini yana faɗa da iska. Ya zagi filashi, ya zagi wanda ya ƙirƙiro filashi, ya ce a zamanin da yake zane da fensir a jikin falanki bai taɓa yanka ƙofa ta fi gurbinta ba. Ma'aikata suka sunkuyar da kai suna ta guga, kamar ranar aka fara koya musu.

Ga yadda aiki ke tafiya a shagon. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ke zane a kwamfuta a ɗakin sama. Ta tashi cikin garin katako, ta je ta karanta zanen kayan ɗaki, ta dawo gida da iliminta. In ta gama zane sai ta sa a filashi ta miƙa wa Baba. Shi kuma ya shiga ofishinsa ya tura ƙofa, ya ɗauki lokacinsa, sannan ya fito yana cewa ya gyara. Daga nan ya sauka da filashin da kansa ya ba Yaya, babban ɗansa, wanda ke kula da injin yanka a ƙasa. Abin da ya fita daga ofishin Baba, Auta ba ta sake ganinsa sai ya zama tebur ko gado.

Ta sha tambayarsa me ya gyara. Amsar ɗaya ce kullum: ƙananan abubuwa ne, za ta gane da kanta. Gyaran kafinta kuwa ba ido ke kama shi ba. Ɗan ragi ne a mahaɗa, ko ɗan ƙari a kaurin ƙafa. Sai ta tsaya gaban kujerar da aka gama tana lalubenta, tana neman inda hannun mahaifinta ya bi, har ta riƙa ganin kamar ta gano wurin. Shekaru suka tafi a haka, kuma ko sau ɗaya bai taɓa karɓar zanenta ya ce ya yi ba. Abin yana cinta, tana haɗiyewa.

Ana cikin haka wani kamfanin kayan ɗaki da ke can ɗaya gefen gari ya neme ta. Shugabar wurin ta ga zanenta, ta ce ta zo a ba ta sashe guda ta riƙe, abin da ta zana shi za a yanka. Suna jiran amsarta, kuma ban da Yaya babu wanda ya sani. Auta ba ta son tafiya. Tana son ƙamshin shagon, tana son ƙarar injin da ke girgiza kofin shayinta a kan tebur, tana son tsohon nan mai fensir a bayan kunne, duk da halinsa. Ta dai gaji da zama ɗaliba a ajin da ba a taɓa ba ta sakamako ba.

Ita ta kawo shawarar a daina yawo da filashi, a sa kwamfuta guda ta riƙe duk zanen shagon, kowa ya ɗauka daga can. A wata rana daban Baba zai ce ba ya so. Amma ƙofar likita tana jingine a bango tana kallon kowa, sai ya yarda, bisa sharaɗin kada wani ya zo ya mayar da shi ɗan makaranta.

Dogo mai gyaran kwamfuta ya zo da safe da kayansa. Sunan ya dace da shi, don duk wayar da ya ja ta saman bango bai nemi tsani ba. Ya zagaya shagon yana shafa yatsa a kan tebura yana duba ƙura, ya ce garin katako ya fi ɓarawo kashe kwamfuta, saboda haka a ƙaramin ɗakin ajiya na sama za a sa ta. Baƙar aba ce marar allo, mai 'yan fitilu suna ƙiftawa. Dogo ya ce sunanta saba. Baba ya dube ta sama da ƙasa ya ce akwati dai, kuma akwati ta zauna a bakin kowa.

Kafin rana ta take, waya ta isa kwamfutar Auta, da ta Baba, da wadda ke jikin injin a ƙasa. Dogo ya buɗe wa kowa suna a cikin akwatin, ya ce kowa ya zaɓi kalmar sirri da shi kaɗai zai sani. Baba ya zaɓi tasa ya faɗe ta da ƙarfi yana dannawa, har masu guga a ƙasa suka ji, dole aka sake wata. Sannan Dogo ya yi foldoji. Akwai Zane, inda Auta za ta riƙa ajiye aikinta. Akwai Hotuna, na kayan da aka gama. Akwai Ta Kowa, wadda Yaya ya fara gwadawa da rubuta tambayar wa ya shanye masa shayi, tambayar ta bayyana a allon Baba nan take. Ta ƙarshe ita ce Yanka. Duk abin da ya shiga Yanka, shi Yaya zai ɗora wa katako ba tare da ya tambayi kowa ba. Don kada komai ya ɓata, Dogo ya kwashe tsofaffin fayilolin da ke kwamfutar injin, duk abin da aka taɓa yankawa, ya zuba su a cikinta a gefe guda.

Sai ya juyo da kujerarsa ya ce saura magana ɗaya, kuma wannan ba aikinsa ba ne, na masu gida ne. Kowace folda kamar ɗaki take. Akwai wanda ba zai ma ga ƙofar ba, akwai wanda zai leƙa ta taga ya ga komai amma ba zai taɓa ba, akwai mai makulli. Zane da Hotuna da Ta Kowa ba su ɗauki lokaci ba. Da aka zo kan Yanka, ya tambaya wa zai riƙa sa abu a ciki.

Auta tana tsaye a bayan kujerar mahaifinta. Ba ta shirya ba, amma a take ta san cewa amsar da zai bayar ita ce amsar da za ta kai wa kamfanin can.

"Ni kaɗai," in ji Baba.

Dogo ya danna. Ya ce Yaya zai gani ya ɗauka, tunda shi ke yanka. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Auta, ya tambaya ita fa.

"Ta gani kawai. Ganin ma karatu ne."

Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ya faɗa ne kamar yadda zai ce a rufe taga. Yaya ya kawar da kai yana sosa ƙeya. Auta ta ce to, ta fita ta ɗebo wa Dogo ruwa, ta daɗe a wurin famfo fiye da yadda cika kofi ke bukata.

Da Dogo zai tafi, ya kira ta ɗakin ajiya. Ya ce dole wani a gidan ya riƙe babbar kalmar sirri ta akwatin, kuma ya duba ya ga ita ce ba za ta faɗe ta da ƙarfi ba. Ya nuna mata yadda akwatin ke kwafe komai zuwa faifai na biyu, da yadda ake buɗe wa sabon ma'aikaci suna. Ya nuna mata shafin izini, inda sunan kowa yake da 'yan ƙananan gidaje a gabansa. A layinta na Yanka, gidan gani yana da alama, gidan canzawa fanko ne.

Yaya bai bari ta huta ba. Washegari ya hau sama da ƙura a gira, ya ce ranki ya daɗe Injiniya, ya ji labari makullin gari yana hannunta, me take jira? Dannawa ɗaya ce, tsoho ba zai taɓa sani ba, shi da ko kalmar sirrinsa bai iya ɓoyewa ba. Ta kore shi da dariya. Amma da ya sauka ta buɗe shafin, ta kai kibiyar kwamfuta kan gidan nan fanko, ta zauna tana kallonsa. Da ta danna, da zanenta ya isa inji a ranar. Sai dai ba isa injin take nema ba. So take ya fito daga bakinsa, ko daga hannunsa. Ta rufe shafin, ta ɗauko wayarta ta duba lambar shugabar kamfanin, ta ajiye ba ta kira ba.

Aikin farko da ya bi sabuwar hanya kabad ne na wata makarantar yara, mai gidaje ƙasa-ƙasa yadda ƙananan hannu za su kai. Auta ta zana ta ajiye a Zane. Can anjima ta so ta sake dubawa, sai kwamfuta ta ce mata Baba ya buɗe fayil ɗin, ta jira. Ta yi murmushin takaici, ta ce a ranta an shiga ɗakin tiyata. Bayan wani lokaci ta ga kabad ɗin ya bayyana a Yanka, an ƙara masa "an gyara" a ƙarshen suna.

Sai wani tunani ya zo mata. Ai an ce ta gani. Shekara da shekaru tana roƙon a nuna mata kuskurenta, ga shi yau taga a buɗe. Ko tafiya za ta yi, gara ta tafi da sanin inda take kasawa. Ta buɗe gyararren, ta buɗe nata, ta ɗora ɗaya a kan ɗaya yadda duk layin da ya kauce zai fito da ja.

Babu ja ko ɗigo. Ta ɗauka fayil ɗaya ta buɗe sau biyu, ta rufe ta sake. Haka dai. Ta duba lokacin da aka yi wa gyararren canji na ƙarshe, ta ga lokacin da ita ta ajiye shi ne da safe. Sunan kawai aka taɓa.

Ta shiga cikin tsofaffin da Dogo ya kwaso daga inji. Teburin cin abincin da ta kwana biyu tana zargin an rage masa ƙafa, babu ja. Gadon jaririn da ta rantse ta ga hannun Baba a kusurwarsa, babu ja. Ta yi ta komawa baya, aiki bayan aiki, shayinta ya huce a gefe. Sai da ta kai shekararta ta farko a shagon sannan ja ya fara fitowa, kuma a nan kam ya fito da yawa, gyara na gaskiya, wanda da an yanka yadda ta zana da kujerun sun karye da mutane. Daga baya jan ya yi ta raguwa, har ya tsaya a kan wata kantar littattafai da ta manta ma ta taɓa zanawa. Tun daga kantar nan, duk abin da ya fita daga shagon nata ne, layi da layi.

Murna ta fara zuwa, har ta ji hawaye. Fushi ya biyo baya, ya kuma fi murnar ƙarfi. Duk ranakun da ta koma gida tana jin ba ta iya ba, duk tsayuwar da ta yi gaban kujeru tana laluben laifinta, ashe babu laifin. Ta sauka wurin Yaya ta tambaye shi ko ya sani. Ya kashe inji ya ce wallahi bai sani ba, shi abin da aka ba shi yake yankawa. Ya daɗe yana kallon matakalar da ke hawa ofishin Baba, sannan ya ce ta bi shi a hankali, tsoho ne.

Ta yi sallama ta tura ƙofar ofis, abin da ba a yi in yana gyara. Yana zaune da tabarau a kan hanci, zanen wani tebur da ta ajiye ɗazu yana buɗe a gabansa. Hannunsa ba ya kan maus. Yatsansa ne ke bin layukan a jikin allo, a hankali, yadda yake shafa katako.

Ta durƙusa gefen kujerarsa ta ce, "Baba, kabad ɗin makarantar nan, me ka gyara? Ina so in koya."

Ya buɗe baki zai ce ƙananan abubuwa ne. Ya ga fuskarta, ya dubi allon, ya gane tagar da ya buɗe mata da bakinsa. Ya cire tabarau ya goge su da gefen riga, ya mayar, ya sake cirewa. Ta gaya masa ta duba har baya, ta ga kantar littattafan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaya masa zancen kamfanin ma, da cewa suna jiranta, da cewa ba ta son zuwa.

Ƙarar guga tana tasowa daga ƙasa.

"Kullum sai na nema," ya ce. "Ina zama in bi shi layi-layi, ko zan samu abu ɗaya. Ba na samu." Ya juya tabarau a hannunsa. "Injin nan ya karɓe zarto a hannuna, Auta. Ke kuma kin karɓe fensir. In na fito na ce babu abin gyarawa, me nake zaune nake yi a ɗakin nan?"

Ta zo da fushinta a shirye, sai ta rasa inda za ta ajiye shi. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta ce babu komai ba, domin akwai komai. Ta ce masa da ya faɗa mata ko sau ɗaya, da ta daina kwana tana tuhumar kanta. Ya gyaɗa kai. Bai kare kansa ba, kuma duk wanda ya san Baba ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar haka suka tashi, kowa ya tafi gida da nauyinsa.

Da safe ta tarar da shi a ɗakinta, zaune a kujerarta, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya kira Dogo ya zo ya canza abin nan, Dogo ya ce ba sai ya zo ba, makullin yana hannunta tun ranar farko. Ya dube ta ta saman tabarau ya tambaya me ya hana ta buɗe wa kanta.

"Kai ka ce in gani kawai, Baba."

Ya ce ta nuna masa wurin. Ta sa babbar kalmar sirri, ta buɗe shafin izini, ta nuna masa layinta da gidan da ke fanko. Ya kama maus da hannun nan mai kanta, kibiya ta yi ta zillewa, ta wuce gidan, ta dawo, ta sake wucewa. Auta ta riƙe hannayenta a baya don kada ta taimaka. Da ƙyar ya saita, ya danna, alama ta fito. Ya ce nasa layin a bar shi yadda yake, bai mutu ba tukuna. Ta yi dariya tana share ido, ta ce ba ta da niyyar taɓawa.

Ya tashi ya ba ta kujerar. Teburin jiya yana nan a Zane yana jira, kuma a ƙasa Yaya ya riga ya ɗora falanki a kan inji. Ta kama fayil ɗin ta ja shi zuwa Yanka, sai hannunta ya tsaya a hanya. Yau ta fara jin nauyin abin. In ta saki, babu ƙofar da za a tura, babu wanda zai tsaya tsakaninta da katako, kuma abin da aka yanka ba ya komawa. Ta tuna ƙofar likita a jingine a bango. Ashe wannan nauyin tsohon yake ɗauka kullum in ya sauka da filashi, ko da bai canza layi ɗaya ba.

Ta mayar da fayil ɗin inda yake, ta juyo. Ta ce daga yau ita za ta riƙa sawa, amma ba za ta sa komai ba sai ya bi shi da yatsa kamar yadda ya saba, kuma abin da ya gani, ko bai gani ba, ya faɗa mata da baki. Ba don ta faranta masa ta faɗa ba. Tana bukatar idon, kuma ya ga haka a fuskarta.

"To ka duba mini wannan tukuna," ta ce.

Baba ya gyara fensir ɗin bayan kunnensa. Ya ce ai ya duba tun jiya, sau biyu ma. Ya yi gyaran murya, kamar maganar ta maƙale a wani wuri da ta daɗe a ajiye.

"Babu gyara," ya ce. "Ya yi."

Ta ja fayil ɗin ta saki a Yanka, da sunansa yadda ta sa masa. Jim kaɗan injin ya tashi a ƙasa, kofin shayin ya fara rawa a kan tebur. Baba ya sauka don ya ga yankan, ita kuma ta ɗauko waya ta kira shugabar kamfanin ta ba ta haƙuri.